Faɗuwar tsofaffi a gidajen kula da su: a riƙa tambayar abin da ya tayar da su daga gado

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun bara, wato yawan faɗuwar tsofaffi da masu rauni a gidajen da aka kafa musamman domin a kula da su dare da rana, da kuma sakacin da sau da yawa yake ɓoye a bayan wannan faɗuwa. Na san da yawa daga cikin masu karatu za su ce ai tsufa ne, wanda ƙafarsa ta yi rauni dole wata rana ya faɗi, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni ma haka na ɗauka, har sai da abin ya faɗa wa goggona, yayar mahaifina, na kuma tsaya na bi diddigin abin da ya gudana a daren da ta faɗi.

Goggo tana da shekara 83 lokacin da muka kai ta wani gidan kula da tsofaffi, bayan ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki wadda ta bar mata rauni a ƙafar hagu. Hankalinta garau yake, tana kuma iya takawa da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, amma likita ya yi gargaɗi cewa kada ta riƙa tashi ita kaɗai, musamman da dare. Wata safiya aka kira ni a waya aka ce, "Goggo ta ɗan zame, amma da sauƙi, mun mayar da ita gado." Da na isa na tarar da ita kwance tana nishi a hankali, gefen goshinta ya kumbura ya yi baƙi, da na yaye bargon kuma sai na ga ƙafar hagu ta fi ta dama gajarta, tafin ƙafar ya juya waje. A asibiti ne aka gaya mini cewa wannan alama ce ta karayar ƙashin kwatangwalo, wadda duk mai aikin jinya ya kamata ya gane da kallo ɗaya, kuma bai dace a ciccibi mai irin wannan alama a mayar da shi gado ba tare da an duba shi ba.

Bayan an yi mata aiki ta farfaɗo, na zauna a bakin gadonta na yi mata tambayar da babu wanda ya yi mata: "Goggo, ina za ki da kika tashi?" Ta ce fitsari ne ya matse ta tun tsakar dare. Ta laluba igiyar ƙararrawar kiran ma'aikata ba ta same ta ba, domin tun da yamma da aka canja zanen gado igiyar ta zame ta faɗa bayan gadon. Ta yi ta kira da baki har muryarta ta dushe, babu wanda ya leƙo. Ƙarfen dogarawarta kuwa mai shara ta jingine shi can bakin ƙofa, ba ta dawo da shi ba. "Ɗan nan," in ji ta, "ni da girmana ba zan ɓata musu shimfiɗa ba." Sai ta sauko cikin duhu da safa a ƙafarta a kan daɓe mai santsi, ta yi taku biyu, jiri ya kwashe ta. Nan ƙasa ta kwana cikin sanyi da jiƙaƙƙen zane har aka zo zagayen asuba. Daga baya na duba takardar magungunanta, na ga cewa maganin da ke sa fitsari, wanda aka saba bayarwa da safe domin kada ya tayar da mutum cikin dare, da yamma aka ba ta shi a ranar, saboda an manta da shi da safe.

Da na nemi a nuna mini littafin da suke rubuta irin wannan, layi ɗaya na gani: an same ta a ƙasa da asuba. Babu maganar igiya, babu maganar ƙarfe, babu maganar magani, babu kuma bayanin awa nawa ta yi a kwance. Duk wanda ya karanta wannan layi zai ce tsohuwa ce ta faɗi saboda tsufa. Amma igiyar da ta faɗa bayan gado ba tsufa ba ce, haka nan fitilar da ba a bari a kunne ba, da kiran da ba a amsa ba. Kowanne daga cikinsu ƙaramin aiki ne da wani ya kamata ya yi bai yi ba, kuma da ɗaya kaɗai daga cikinsu aka yi, da ƙila Goggo ta wayi gari lafiya. Wannan shi ne abin da nake so masu karatu su lura da shi: tsoho ba ya saukowa daga gado da ƙarfe biyu na dare haka kawai, buƙata ce ke tayar da shi, kuma buƙatar da ba a biya ba ita ce tushen faɗuwar.

Lamarin bai tsaya a kan goggona kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa faɗuwa ce ta biyu a jerin haɗurran da ke kashe mutane a duniya, inda kimanin mutum 684,000 ke rasa rayukansu a kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. A rahoton da hukumar ta fitar a 2007 ta nuna cewa tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na mazauna gidajen kula na dogon lokaci suna faɗuwa a kowace shekara, kuma kashi 40 cikin ɗari na waɗannan suna sake faɗuwa. Karayar kwatangwalo kuwa ba ƙaramar masifa ba ce ga tsoho, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar na waɗanda suka gamu da ita ba sa cika shekara a raye, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rayu ba sa sake takawa kamar da. Idan muka tuna cewa masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, ana kuma sa ran za su kai biliyan 2.1 a 2050, za mu gane cewa gidajen nan ƙaruwa za su yi ta yi, ko da a wuraren da a yau ake ganin abin baƙo ne.

Ba ina cewa za a iya hana kowace faɗuwa ba ne. Mutanen da ake kaiwa irin waɗannan gidaje su ne mafi rauni a cikin tsofaffi: wani yana da cutar mantuwa, wani yana da yanar ido, wani amosanin gaɓɓai ya riƙe masa gwiwa, wani kuma ƙashinsa ya zaizaye har ɗan ƙaramin bugu yana iya karya shi. Shi ya sa ƙa'idojin kare tsofaffi daga faɗuwa da masana daga ƙasashe da dama suka fitar a 2022 suka ce a ɗauki duk mazaunin gidan kula a matsayin wanda ke cikin babban haɗari, ba sai an tsaya tantance wa ke ciki wa ke waje ba. Amma wannan rauni hujja ce ta ƙara sa ido, ba uzurin naɗe hannu ba. Yawancin abubuwan da ke kayar da tsoho sanannu ne. Akwai saukar jini lokacin miƙewa, inda lambar sama ta awon jini ke faɗuwa da maki 20 ko fiye cikin minti uku da tashi tsaye, mutum ya ji duhu ya rufe masa ido; ana gane wannan ta hanyar auna jini a kwance sannan a sake aunawa a tsaye, aikin da bai wuce 'yan mintuna ba. Akwai magungunan barci da na kwantar da hankali irin su diazepam, da masu ƙarfi na kashe zafi, da na hawan jini idan sun yi yawa, kuma ba abin mamaki ba ne ka tarar da tsoho yana haɗiyar magani iri takwas ko goma a rana ba tare da wani likita ya zauna ya duba ko har yanzu yana buƙatarsu duka ba. Akwai tabarau da ya ɓace wata uku ba a saya wani ba, da silifas marar dunduniya, da farcen ƙafa da ya yi tsawo ya lanƙwashe har takawa ta zama azaba.

Wani abu da ya fi ba ni tausayi shi ne abin da na gani a wurin tsofaffin da kansu. Da yawa daga cikinsu, da suka gane cewa in sun kira ba a zuwa da wuri, sai suka rage shan ruwa tun daga la'asar domin kada fitsari ya tayar da su. Ƙarancin ruwa a jiki kuwa shi ne ke ƙara jiri, yana jawo ciwon mafitsara, ciwon mafitsara kuma yana iya rikita tunanin tsoho cikin kwana ɗaya har ya tashi yana neman hanyar da babu ita. Ka ga ke nan dabarar da ya yi domin ya kare mutuncinsa ita ce ke kusantar da shi ga faɗuwar da yake gudu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne matakin da wasu gidaje ke ɗauka bayan mutum ya faɗi sau ɗaya. Maimakon a bincika dalili, sai a nemi hanyar da za a hana shi motsi gaba ɗaya. A ɗaga ƙarafunan gefen gado a kewaye shi, ko a ɗaure shi a kujera da ɗamara, ko a sa masa ƙunzugu alhali yana iya zuwa banɗaki in an riƙe masa hannu, ko kuma a ƙara masa maganin da zai sa ya wuni yana gyangyaɗi. Iyalai da dama suna yin na'am da wannan, domin a ganinsu kariya ce, ni ma sai da na roƙi a ɗaga wa Goggo ƙarafunan kafin wata ma'aikaciyar jinya mai kirki ta fahimtar da ni. Wanda hankalinsa ya rikice ba ƙarfe ne zai hana shi sauka ba, haurawa zai yi ya faɗo daga wuri mafi tsawo, ko kuma wuyansa ko ƙirjinsa ya maƙale tsakanin ƙarfe da katifa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta karɓi rahoto 803 na mutanen da suka maƙale a gadajen jinya tsakanin 1985 da 2009, kuma 480 daga cikinsu mutuwa ce. Ita wannan hukuma ce ta yi gargaɗi a 2005 cewa wasu magungunan taɓin hankali suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa. Tun a 1987 dokar gidajen kula da tsofaffi ta Amurka ta ba mazaunin gida haƙƙin kada a ɗaure shi ko a gusar masa da hankali da magani domin horo ko domin sauƙaƙa wa ma'aikata aiki. Bayan haka, tsohon da aka hana tashi naman ƙafarsa narkewa yake yi cikin 'yan kwanaki, gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu da dunduniya, ranar da ya yunƙura kuma ƙafar ba za ta ɗauke shi ba. Littafin rahoto zai nuna faɗuwa ta ragu, amma mutumin da aka kawo yana takawa ya zama na kwance.

Adalci ne in faɗi cewa ba na ɗora laifin a kan ma'aikaciyar da ta kwana a bakin aiki a wannan dare. Na same ta daga baya, ta yi mini bayani tana hawaye cewa ita kaɗai ce a ɓangaren, da ɗakuna a hawa biyu, kuma lokacin da Goggo ke kira tana can tana wanke wani dattijo da ya yi amai. Mutum ɗaya ba zai rabu biyu ba. Waɗanda ke yin wannan aiki, galibinsu mata, suna ɗaga manyan mutane, suna wanke su, suna jure zagin wanda bai san abin da yake faɗa ba, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, kuma da yawa an sa su aiki ba tare da horon kirki ba. Idan ma'aikata suna yawan barin aiki, sabuwar da ta zo ba ta san cewa wance tana tashi da ƙarfe biyu ba, ko wane ba ya gani da idon dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo binciken da ya nuna cewa ma'aikata biyu cikin uku a irin waɗannan gidaje sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani nau'i na cin zarafi ko sakaci cikin shekara guda. Adadi mai yawa haka ba zai zama na miyagun mutane kaɗai ba. Yana nuna tsarin da ke gajiyar da mutanen kirki har su daina jin kira. Wanda ya yanke shawarar cewa mutum ɗaya ya isa aikin dare domin a rage kashe kuɗi, shi ne ya kamata ya amsa tambaya.

Ostareliya, ƙasa mai arziki da dokoki a rubuce, ta kafa babban kwamitin bincike a kan kula da tsofaffi a 2018. Rahoton wucin gadi da ya fito a 2019 sunansa kalma ɗaya ce mai ma'anar sakaci, rahoton ƙarshe na 2021 kuma ya zo da shawarwari 148, ciki har da ƙayyade mafi ƙarancin lokacin da ma'aikata za su ba kowane mazauni a rana. A ƙasar ce kuma aka yi wani gwaji a gidaje 60 da mazauna fiye da 7,000, aka buga sakamakonsa a 2021, wanda ya nuna cewa ƙara musu madara da dangoginta a abincin yau da kullum ya rage karayar kwatangwalo da kashi 46 cikin ɗari, ya rage faɗuwa da kashi 11. Na kawo wannan ne domin a ga cewa abin da ake buƙata ba na'ura mai tsada ba ce. Abinci ne mai gina jiki da wanda zai zauna ya tabbatar an ci, da motsa ƙafafu a kai a kai tare da mai gashin ƙashi, da gado da aka sauke ƙasa-ƙasa, da maƙalai a bangon banɗaki, da fitila ƙarama da ke kwana a kunne, da kuma zagayen da ake yi a kai wa mutum banɗaki kafin ya kai ga kira.

Abin da ake yi bayan faɗuwa ma ma'auni ne na gaskiyar gida. Wanda ya kwashe fiye da awa ɗaya a ƙasa yana iya gamuwa da sanyi mai tsanani, da ƙarancin ruwa, da lalacewar tsoka wadda ke iya taɓa ƙoda. Wanda ya bugu a kai, musamman in yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin, jini yana iya taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kansa, ya tashi yana hira lafiya lau, bayan kwanaki ko makonni ya fara barci mai nauyi da rikicewa. Saboda haka kalmar "da sauƙi" a waya ba ta isa ba. Iyali suna da haƙƙin a gaya musu lokacin da abin ya faru, wa ya gan shi na ƙarshe kafin faɗuwar, wa ya duba shi, da abin da za a canja. Gidan da ya ce maka shekara guda babu wanda ya faɗi a cikinsa, ni a wurina ya fi ba da tsoro fiye da wanda ya buɗe maka littafi ya nuna maka ashirin da bayanin kowacce, domin na farko ko dai ba ya rubutawa, ko kuma babu mai tashi daga gado a cikinsa.

Ga 'yan uwana masu iyaye ko dangi a irin waɗannan gidaje, ina ba da shawarar ku riƙa kai ziyara a lokutan da ba a sa ran zuwanku, da sassafe ko bayan magariba. Ku danna ƙararrawar da kanku ku ga minti nawa za a yi kafin a zo. Ku duba ko kofin ruwa yana inda hannu zai kai, ku yaye bargo ku duba dunduniya da baya, ku lura ko tufafi sun fara yi wa mutum yawa, ku tambayi mutum nawa ne ke aikin dare kuma mazauna nawa ne a hannunsu. Ni kaina ina zuwa duk mako, amma kullum da rana tsaka lokacin da ɗaki yake a gyare, ban taɓa tambayar abin da ke faruwa bayan an kashe fitila ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da har yau nake nadama a kansu. Ga hukumomin da ke ba gidajen nan lasisi kuma, ziyarar da aka sanar da ranarta ba ta nuna komai sai fenti da furanni. A riƙa zuwa da dare ba sanarwa, a wajabta rubuta kowace faɗuwa, a ƙayyade yawan ma'aikata gwargwadon raunin mazauna, a kuma kare ma'aikacin da ya fito ya faɗi gaskiya daga kora.

Goggo ta rayu wata bakwai bayan wannan dare, amma ba ta sake takawa ba. Ko da ƙashin ya haɗe, tsoro ya riga ya shige ta, in an miƙar da ita sai ta damƙe hannun mutum tana rawar jiki tana cewa a zaunar da ita. Bayan rasuwarta na koma gidan na zauna da shugabar wurin, na roƙe ta abu biyu: a riƙa maƙale igiyar ƙararrawa a jikin matashin kai duk lokacin da aka canja zanen gado, kuma a ƙara layi ɗaya a takardar rahoton faɗuwa inda za a rubuta inda mutumin yake ƙoƙarin zuwa da abin da ya tayar da shi. Ta karɓi na farko nan take, na biyu kuma ta ce sai ta tuntuɓi masu gidan. Ina fata masu irin waɗannan gidaje da hukumomin da ke sa musu ido, in wannan wasiƙa ta isa gare su, za su ƙara wannan layi a tasu takardar.

Na gode, Malam Edita, da wannan dama.

Naka,
Wani mai karatu